Tarihin Gandun Damisa na Ranthambore a Ƙasar Indiya: Daga Farautar Sarakuna zuwa Yawon Buɗe Ido

Gabatarwa

A kowace shekara dubban mutane daga sassa daban-daban na duniya kan yi tattaki zuwa wani gari mai suna Sawai Madhopur, a jihar Rajastan da ke arewa maso yammacin Indiya, ba don komai ba sai don su ga damisa da idonsu tana yawo a dajinta. Sukan tashi tun da jijjifi, su hau motoci marasa rufi, su shiga gandun dajin Ranthambore, su yi kamar sa'o'i uku suna bin sawu. Wani ya dace ya gan ta, wani kuma ya koma masauki da hoton barewa da ɗawisu kawai. Irin wannan fita ita ake kira safari, kalmar da Turawa suka ara daga Suwahili, shi kuma ya samo ta daga Larabci. Tushenta ɗaya da kalmarmu ta safara.

Wannan daji da ake shiga da kyamara a yau shi ne dai wanda sarakunan Jaipur suka keɓe wa kansu domin harbin damisa. Wannan maƙala za ta bi diddigin yadda wurin kisa ya rikiɗe ya zama wurin tsaro. Haka kuma za ta dubi wani al'amari da ya bi dajin tun zamanin sarakuna har zuwa yau, wato matsayin manomi da makiyayin da ke zaune a bakinsa, waɗanda kowace hukuma ta zo da su take fara cin karo.

Wace Ce Damisar Indiya?

Kafin a shiga cikin tarihi ya kamata a warware wani ruɗani. Damisar da Bahaushe ya sani, wadda yake yi wa kirari da “ƙi sabo”, ita ce mai roɗi-roɗi, gwanar hawan itace. Irinta akwai ta a Indiya, har ma a cikin Ranthambore. Amma wadda ake magana a kanta a nan daban take, kuma babu ita a dazuzzukan Afirka ko kaɗan. Jikinta ruwan goro ne da ratsin baƙi, kuma ita ce mafi girma a dangin kyanwa, domin namiji kan kai kilo 200, wani ma ya wuce. Tun da Hausa ba ta da wani suna na daban da za ta kira ta da shi, duk inda aka ce damisa a wannan maƙala, wannan mai ratsin ake nufi.

Akwai halayenta biyu da mai karatu zai riƙe, domin za su taimaka masa a gaba. Na farko, ba ta zaman garke kamar zaki. Kowace tana da yankinta wanda take tsarewa, kuma masana sun ƙiyasta cewa guda ɗaya na bukatar dabbobi kamar hamsin masu girman barewa a shekara. Ke nan ba za a iya tsare damisa ba sai an tsare daji mai faɗi da namun da ke cikinsa. Na biyu, ratsin jikin kowace damisa nata ne ita kaɗai, kamar zanen yatsan ɗan'adam, babu biyu da suke iri ɗaya.

Ranthambore a Zamanin Sarakuna

Sunan gandun ya samo asali ne daga wani tsohon birni mai ganuwa da aka gina a kan dutse a tsakiyar dajin, a inda tsaunukan Aravalli suka haɗu da na Vindhya. Sarakunan Rajput na zuriyar Chauhan ne suka daɗe suna riƙe da shi. A shekarar 1301 Sultan Alauddin Khalji na Delhi ya ci birnin da yaƙi daga hannun Sarki Hammira bayan doguwar tsarewa. A shekarar 1569 kuma Sarki Akbar na daular Mughal ya kewaye shi da manyan igwa har mai riƙe da shi, Rao Surjan, ya miƙa wuya. A tsakiyar ƙarni na 18 birnin ya koma hannun sarakunan Jaipur, kuma ɗaya daga cikinsu, Madho Singh na Ɗaya, shi ya kafa garin Sawai Madhopur a shekarar 1763. Da yaƙe-yaƙe suka lafa, amfanin ganuwar ya ragu, sai dajin da ke kewaye da ita ya zama wurin farautar gidan sarauta.

A wajen sarakunan Indiya farautar damisa, wadda suke kira shikar, alama ce ta isa da mulki. Littafin tarihin Akbar ya kawo labarin yadda ya kashe wata damisa da takobi kusa da Narwar a shekarar 1561. Ɗansa Jahangir kuwa har lissafi ya sa aka yi masa, inda aka tarar ya kashe dabbobi da tsuntsaye sama da 17,000 da hannunsa, daga ciki akwai zakoki da damisoshi 86. Domin kada sarki ya fita ya rasa abin harbi, sai a keɓe daji a sa masu gadi, a hana talaka farauta a ciki, a kuma taƙaita masa sarar itace. Ta haka son kai na sarakuna ya tsare wasu dazuzzuka ba tare da wannan ce manufarsu ba. Da yawa daga cikin shahararrun gandayen Indiya na yau, kamar Sariska da Bandhavgarh da Bandipur, irin wannan asali gare su.

Zamanin Turawa

Zuwan Turawan Ingila ya sauya ma'aunin kisan gaba ɗaya. A ganinsu damisa muguwar dabba ce mai hana noma da shimfiɗa hanya, saboda haka suka sa tukuici ga duk wanda ya kawo kanta ko fatarta. Masanin tarihin nan Mahesh Rangarajan, wanda ya binciki takardun gwamnatin mulkin mallaka, ya nuna cewa daga 1875 zuwa 1925 an kashe damisoshi sama da 80,000. Wannan kuwa adadin da aka rubuta ne kawai. A daidai wannan lokaci dokokin daji, musamman ta 1878, suka mayar da manyan dazuzzuka mallakar gwamnati domin katako, suka mai da kiwo da ɗiban itacen da mutanen ƙauye suka gada abin da sai da izini.

Bayan kisan tukuici kuma ga kisan nishaɗi. Manyan Turawa sun kwaikwayi sarakuna, su kuma sarakunan suka mai da farautar damisa hanyar karrama baƙo da neman fada wajen gwamna. Yadda ake yi shi ne, a ɗaure ɗan maraƙin ɓauna a daji har damisa ta kama, sannan a tara ɗaruruwan mutanen ƙauye su yi sahu suna kiɗa da ihu, su koro ta zuwa inda baƙo ke zaune a bayan giwa ko a kan dandamalin da aka kafa bisa itace. A shekarar 1911, bayan bikin naɗinsa a Delhi, Sarki George na Biyar na Ingila ya tafi farauta Nepal, inda ayarinsa ya kashe damisoshi 39 cikin kamar kwana goma. Sarkin Surguja kuwa ya taɓa rubuta wa masanin dabbobi George Schaller cewa shi kaɗai ya harbe 1,150.

Duk da haka, daga cikin mafarautan ne aka fara jin muryar gargaɗi. Jim Corbett, Baturen da aka haifa a Indiya, ya yi suna wajen kashe damisoshin da suka koma cin mutane a tsaunukan Kumaon, ciki har da ta Champawat wadda ya harbe a 1907, bayan an ɗora mata alhakin rayuka 436. Ya lura cewa yawancin irin waɗannan damisoshi rauni ko tsufa ne ya hana su kama namun daji, kuma sau da yawa raunin na harsashi ne. Daga baya ya fi karkata ga ɗaukar hoto, ya kuma taimaka wajen kafa gandun daji na ƙasa na farko a Indiya a shekarar 1936. Gandun ya fara da sunan Gwamna Hailey, sannan aka mayar masa da sunan Corbett bayan rasuwarsa a Kenya a 1955.

Bayan 'Yancin Kai

Mai karatu zai yi tsammanin tafiyar Turawa a 1947 za ta kawo wa damisa sauƙi, amma ba haka aka yi ba. Masarautu sun narke cikin sabuwar ƙasa, Jaipur ta shiga jihar Rajastan a 1949, tsaron da sarakuna ke yi wa dazuzzukansu ya yi rauni. Gwamnati na fama da yunwa, don haka ta buɗe dazuzzuka domin noma, ta kuma sauƙaƙa lasin bindiga domin kare amfanin gona. Kamfanonin farauta suka riƙa tallar damisa ga attajiran Amurka da Turai. Motar jif da fitila mai ƙarfi suka sa harbin dare ya zama abu mai sauƙi, maganin ƙwari kuma ya ba makiyayi hanyar sa guba a mushen saniyarsa.

A shekarar 1955 an ayyana dajin Sawai Madhopur a matsayin wurin kare namun daji, amma gidan sarautar Jaipur bai rasa damar farauta a cikinsa ba. A watan Janairu na 1961 Sarki Man Singh na Biyu ya karɓi baƙuncin Sarauniya Elizabeth ta Biyu da mijinta Yarima Philip a wannan daji, inda Yariman ya harbe damisa, aka ɗauki hoto da gawarta a gabansu. Hoton ya jawo suka a jaridun Ingila. Wani abin lura shi ne, a cikin wannan shekara aka kafa asusun kare namun daji na duniya, wato WWF, kuma Yarima Philip ne ya zama shugaban reshensa na Birtaniya. Daga cikin ƙananan ma'aikatan dajin da suka yi hidimar wannan farauta akwai wani saurayi mai suna Fateh Singh Rathore, wanda za mu sake haɗuwa da shi.

Shirin Ceton Damisa

Juyin ya zo ne a ƙarshen 1969, lokacin da ƙungiyar kare halittu ta duniya, IUCN, ta yi babban taronta a Delhi. A nan wani jami'in daji ɗan Rajastan, Kailash Sankhala, ya gabatar da bayanin da ya nuna damisa na gab da ƙarewa. Firayim Minista Indira Gandhi ta ɗauki maganar da muhimmanci. A 1970 aka hana harbin damisa, a 1972 majalisa ta zartar da dokar kare namun daji, kuma a wannan shekara aka yi ƙidayar farko ta ƙasa baki ɗaya. Sakamakon ya nuna 1,827, alhali wasu masana sun ƙiyasta cewa a farkon ƙarni na 20 akwai kimanin 40,000.

Ranar 1 ga Afrilu, 1973, aka ƙaddamar da Shirin Ceton Damisa a gandun Corbett, da Sankhala a matsayin darakta na farko, kuma WWF ta yi alkawarin tallafin dala miliyan ɗaya. An fara da gandaye tara, Ranthambore na cikinsu. A shekarar ce kuma damisa ta karɓi matsayin dabbar ƙasa daga hannun zaki. Tsarin shirin shi ne a raba kowane gandu gida biyu: cibiya, inda babu noma, babu kiwo, babu sarar itace, da kuma gefe, inda ake barin mutane su yi wasu harkoki bisa ƙa'ida. A takarda abin ya yi kyau. Matsalar ita ce, a wurare da yawa cibiyar da aka zana a taswira akwai ƙauyuka a cikinta.

Fateh Singh da Mutanen Ƙauyuka

Lokacin da aka tura Fateh Singh Rathore Ranthambore a farkon shekarun 1970, ya tarar da ƙauyuka fiye da goma a cikin dajin, da dubban shanu da ɓauna na gida. Ciyawa ta ƙare, tafkuna sun zama gonaki da mashayar dabbobi, ragowar damisoshin kuma ba sa fitowa sai da dare, sai dai a ga sawunsu. Shi aka ɗora wa nauyin tashin waɗannan ƙauyuka. Ya yi shekaru yana zama da dattawansu yana lallashi, har suka yarda aka mai da su wasu wurare a wajen daji, inda aka ba su gonaki. Ɗaya daga cikin sababbin matsugunan shi ake kira Kailashpuri. Mutanen sun bar gidajen kakanninsu da wuraren bautarsu, kuma shi kansa Fateh Singh ya sha faɗar irin baƙin cikin da ya gani a ranakun tashin.

Ta fuskar daji, aikin ya yi nasarar da ba a zata ba. Tsofaffin gonaki suka koma fadamun ciyawa, barewa ta yawaita, damisa ta biyo ta. A 1980 aka ɗaga darajar cibiyar zuwa gandun daji na ƙasa. A cikin shekarun 1980 damisoshin Ranthambore suka daina gudun mota, suka riƙa fitowa da rana tsaka, har aka ɗauki hotunansu suna faɗawa tafki suna kama babbar barewar nan da ake kira sambar. Hotunan Fateh Singh da littattafan abokinsa Valmik Thapar su suka kai sunan wurin duniya.

Ta fuskar jama'a kuwa, tsugune ba ta ƙare ba. Ƙauyukan da ke kewaye da gandun, waɗanda ba a tashe su ba, sun saba kai dabbobinsu ciki musamman da damina, yanzu kuma an ce ko ƙafa kada su sa. Ga shi yankin ba shi da yalwar ruwan sama, wajen gandu ƙasa ta bushe, cikinsa kuwa ciyawa har gwiwa. A shekarar 1981 wasu makiyaya suka tare Fateh Singh a daji suka yi masa dukan kawo wuƙa, suka bar shi suna zaton ya mutu, sai da ya yi watanni yana jinya. Bayan ya warke ya koma bakin aiki. Amma wannan lamari ya nuna cewa katanga da tara kaɗai ba za su tsare daji ba. Daga baya aka sami ƙungiyoyi masu zaman kansu da suka buɗe asibiti da makaranta da ayyukan sana'a ga mutanen kewaye. Ƙungiyar Tiger Watch, wadda Fateh Singh ya yi aiki da ita har rasuwarsa a 2011, ta mai da hankali ga Mogya, wata ƙabila ta mafarautan gado da fatara ke jefawa hannun dillalan fata, inda ta riƙa sa 'ya'yansu a makaranta.

Darasin Sariska

A farkon shekarun 1990 wata sabuwar annoba ta ɓullo. Damisa ta yi ƙaranci a gabashin Asiya, saboda haka masu haɗa maganin gargajiya da ƙashinta suka juyo Indiya, ga kuma kasuwar fata ta hanyar Nepal da Tibet. Ƙasar Sin ta haramta cinikin ƙashin damisa a cikin gida a 1993, amma fataucin ɓoye bai tsaya ba. Ranthambore ta yi asarar damisoshi da dama a wannan lokaci.

Abin da ya sa ɓarnar ta daɗe ba a gane ba shi ne hanyar ƙidaya. Tun 1972 da sawu ake ƙirga damisa: malamin daji ya zana sawun a takarda ko ya zuba masa farar ƙasa ya ɗauki siffarsa, sannan a kwatanta. Sai dai sawun dabba ɗaya kan bambanta tsakanin yashi da laka, don haka ana iya ƙirga guda ɗaya sau uku. Bugu da ƙari, babu jami'in da ke son ya rubuta cewa dabbobi sun ragu a hannunsa. Ta haka adadi ya riƙa hawa a takarda yana sauka a daji.

Asiri ya tonu a gandun Sariska, shi ma a Rajastan. Ƙidayar hukuma ta 2004 ta ce akwai damisa 16 zuwa 18, amma a farkon 2005 jaridu suka fallasa cewa babu ko ɗaya, binciken gwamnatin tarayya kuma ya tabbatar da haka. An kama babban dillalin fata Sansar Chand a Delhi a wannan shekara. Firayim Minista Manmohan Singh ya kafa kwamiti ƙarƙashin Sunita Narain, wanda ya ba da shawarar a sauya hanyar ƙidaya, a kuma sa mutanen daji cikin lissafi. A 2006 aka kafa hukumar kula da damisa ta ƙasa, aka kuma zartar da dokar da ta amince da haƙƙin mazauna daji a kan ƙasarsu.

Sabuwar ƙidayar ta dogara ne ga kyamarori masu ɗaukar hoto da kansu idan dabba ta gifta, waɗanda ake ɗaurawa a bakin hanyoyin daji. Tun da ratsin kowace damisa daban ne, ba a ƙirga guda sau biyu. Ƙidayar 2006 ta ba da 1,411, alhali tsohon lissafi na cewa sun haura 3,600. Labarin ya yi ɗaci, amma daga nan aka sami tushe na gaskiya. Adadin ya kai 1,706 a 2010, da 2,226 a 2014, da 2,967 a 2018, sannan 3,682 a 2022, wato kusan kashi uku cikin huɗu na damisoshin dajin duniya. A 2008 kuma aka ɗauki damisa daga Ranthambore a jirgi mai saukar ungulu aka kai Sariska domin a sake dasa iri. Gandayen da suka fara da tara yanzu sun haura hamsin.

Abin da Baƙo ke Tararwa

Mai ziyara yakan sauka a tashar jirgin ƙasa ta Sawai Madhopur, wadda ke kan layin Delhi zuwa Mumbai. An raba gandun shiyya goma, kuma kowace mota shiyya ɗaya ake ba ta, ba ta da ikon tsallakawa wata. Motocin iri biyu ne: ƙarama mai ɗaukar mutum shida da babba mai ɗaukar ashirin. Ana fita sau biyu a rana, da safe da kuma la'asar, tare da jagora, kuma ba a yarda kowa ya sauka daga mota ba. Manyan shiyyoyin cibiya akan rufe su da damina, daga Yuli zuwa Satumba. An fi ganin damisa da bazara, lokacin da ganye ya kakkaɓe, zafi kuma ya tilasta wa dabbobi zuwa bakin ruwa. Jagora ba ya dogara ga ido kaɗai. Yakan kashe mota ya saurari kukan gargaɗi na biri ko barewa, domin su ke fara ganin ta.

Tarihin da aka bayyana a sama yana nan a fili ga mai lura. Ganuwar da Akbar ya kewaye tana bisa dutse, kuma a 2013 hukumar UNESCO ta sa ta cikin kayan tarihin duniya. A bakin tafkin Padam akwai Jogi Mahal, tsohon masaukin farautar sarakuna, kusa da wata ƙatuwar bishiya dangin ceɗiya. A tafkin Rajbagh akan ga damisa kwance a cikin kangon ginin sarauta. A nan wata damisa mai suna Machli ta yi zamaninta, wadda aka ɗauki hoton faɗanta da wani babban kada, gwamnati ta buga kan sarki da hotonta a 2013, ta kuma mutu da tsufa a 2016.

Baƙi sun kawo kuɗi da aikin yi: direbobi, jagorori, ma'aikatan otal da masu sana'ar hannu. Mutumin da abincinsa ya dogara ga damisa mai rai ba zai so a kashe ta ba. Amma yawan motoci da gine-gine a bakin daji ya zama abin damuwa, har Kotun Ƙoli ta dakatar da yawon buɗe ido a cibiyoyin gandayen damisa a watan Yuli na 2012. Ta janye hanin a watan Oktoba, bisa ƙa'idar kada a buɗe wa baƙi fiye da kashi 20 cikin ɗari na cibiya.

Haka kuma, yawan damisa a dajin da ba ya faɗaɗa na da nasa haɗari. Waɗanda suka rasa yanki sukan fita gonaki su kama dabbobin gida, wani lokaci har da mutane. A 2015 wani namijin damisa da ake kira Ustad ya kashe mai gadin daji, aka ɗauke shi zuwa gidan namun daji a Udaipur, abin da ya jawo muhawara mai zafi tsakanin masoyansa na birane da mutanen da ke kwana kusa da shi. A cikin ganuwar kuma akwai ɗakin bautar Hindu na Ganesh, wanda masu ziyara ke zuwa ta hanyar da ta ratsa dajin, kuma a 2025 damisa ta kashe wani yaro a kan wannan hanya. Game da tashin ƙauyuka, a 2008 gwamnati ta sa diyyar rufi miliyan ɗaya ga kowane iyali da ya yarda ya tashi, ta ƙara zuwa miliyan ɗaya da rabi a 2021. Doka ta ce sai da yardar mutane, amma ƙungiyoyin mazauna daji na ƙorafin cewa a wasu wurare yardar ta matsi ce.

Kammalawa

Daga abin da ya gabata za a ga cewa dajin Ranthambore ya ratsa hannu uku: na sarakuna, da na zamanin Turawa, da na gwamnatin Indiya mai 'yanci. Sarki ya tsare shi don ya yi harbi, gwamnati ta tsare shi don damisa ta rayu, kuma a duka biyun mutumin ƙauye aka ce ya ja da baya. Nasarar da aka samu ba ƙarama ba ce, domin a ƙarnin da damisar Bali da ta Java da ta yankin tekun Kasfiyan suka ƙare ƙurmus, ta Indiya ta tsira, kuma daga 2006 zuwa 2022 adadinta ya ninka fiye da sau biyu.

Abubuwa biyu ne suka fi fitowa fili a wannan tarihi. Na farko, Sariska ta nuna cewa rahoton da aka rubuta don a faranta wa na sama rai na iya cinye daji kamar yadda bindiga ke yi, kuma gyara bai fara ba sai da aka yarda aka faɗi adadi na gaskiya. Na biyu, dukan da aka yi wa Fateh Singh a 1981 ya nuna cewa idan ribar daji na tafiya birni, asararsa kuma na sauka a kan makiyayi, to zaman lafiyar gandun na wucin gadi ne. Baƙo yakan yi sa'o'i uku ya ɗauki hotonsa ya tafi. Wanda zai kwana da damisar a bayan gidansa, ya kuma wayi gari ya ƙirga shanunsa, shi ne mutumin ƙauyen da motar ta wuce a bakin ƙofar gandu, kuma makomar Ranthambore ta rataya ne a kan yadda aka yi da shi.